Waiwaye kan girman sassan ƙwaƙwalwa da ƙarfin hadda

A tsakanin Hausawan Mai Wurno da sauran garuruwan Sudan inda karatun allo yake da ƙarfi, idan almajiri ya haddace izu 60 tun yana ƙaramin yaro, akan ce Allah ya yi masa kai, har wasu su ɗauka cewa ƙwaƙwalwarsa ta fi ta takwarorinsa girma. Likitoci ma sun daɗe suna bin sawun wannan zato. A ƙarni na 19 Paul Broca na Faransa da ire-irensa sun riƙa auna nauyin ƙwaƙwalwar mamata domin neman asirin basira, amma sikeli bai ba su abin da suke nema ba. Ko da Albert Einstein ya rasu a 1955, an tarar nauyin tasa giram 1,230 ne, wato ba ta kai ta matsakaicin namiji ba.

Hankalin masana ya koma kan sashe guda bayan 1953, shekarar da likita William Scoville a Amurka ya yi wa Henry Molaison tiyata saboda farfaɗiya, ya cire masa mafi yawan wani ɗan lanƙwasasshen sashe da ake kira hifokamfas a ɓangarori biyu na kansa. Farfaɗiyar ta ragu, sai dai har ya rasu a 2008 ba ya iya riƙe sabon abu. Brenda Milner ta shafe shekaru tana nazarinsa, kullum yana karɓarta kamar baƙuwa. Daga nan aka fara tunanin cewa idan rashin wannan sashe yana kashe tunawa, girmansa zai ƙara ta. Ga masu cutar mantuwa ta Alzheimer haka ɗin ne, domin sashen yana motsewa tare da raguwar tunawa. Ga lafiyayyu kuwa maganar ta fi haka sarƙaƙiya.

A shekarar 2000 Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi 16 na Landan da na'urar MRI, mutanen da sai sun haddace tituna kusan 25,000 kafin a ba su lasisi. Ta samu cewa bayan hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, gabansa kuma ya fi ƙanƙanta. A 2011 ita da Katherine Woollett suka bi masu koyon aikin su 79 tun daga farko, kuma 39 da suka ci jarrabawar ne kaɗai aka ga sashen ya ƙaru a kansu, alhali kafin horon babu bambanci tsakaninsu da waɗanda suka faɗi. A ganina wannan ne ya fi cancantar malaman khalwa, wato makarantun allo na Sudan, su sani: girman ya biyo bayan naci ne.

Akwai kuma binciken Maguire na 2003 a kan gwanayen gasar hadda ta duniya, wanda bai sami wani bambancin girma ba sam. Dabara ce ta raba su da saura, domin yawancinsu suna jera abin da za su tuna a kan wata hanya da suka sani a zuci. Duk wanda ya zauna a tsangaya ya ga almajiri ya rubuta allo, ya biya, ya maimaita har ya zauna masa, sannan ya wanke ya sake rubutu, gardi kuma yana tilawa kafin asuba, ba zai yi mamakin wannan sakamako ba.

Da Cyma Van Petten ta tattara bincike 33 a 2004, dangantakar girman sashen da ƙarfin tunawa ta fito da rauni ƙwarai, har ma a yara da matasa ta karkata ga akasin abin da ake zato. A 2020 ɗakin binciken Maguire ya gwada lafiyayyun matasa 217, bai ga wata alaƙa mai ƙarfi ba. Sannan a 2022 Scott Marek da abokan aikinsa suka nuna cewa irin wannan nazari yana buƙatar dubban mutane kafin a amince da shi, saboda haka duk rahoton da ya ce an auna ƙwaƙwalwar mahaddata 20 ko 30 an ga ta fi girma, sai an maimaita shi a kan jama'a masu yawa kafin a kafa hujja da shi.