Waiwaye: Yadda ruwan teku ya ja wa filin man Ghawar kwana

Alhazanmu ba su cika leƙa gabashin Saudiyya ba, alhali can kusa da Al-Ahsa filin man Ghawar yake kwance, tsawonsa kusan kilomita 280, faɗinsa kamar 30. A 1948 aka dace da mai a rijiyar Ain Dar, aka fara kwasa a 1951. Lokacin ba a shan wuya. Man na cikin ƙofofin dutsen farar ƙasa kamar ruwa a soso, zurfin kusan kilomita 2, da an huda sai ya taso da ƙarfin kansa.

Ƙarfin nan ba ya ɗorewa, domin duk gangar da aka zuƙe tana rage matsin da zai turo ta bayanta. Shi ya sa tun a shekarun 1960 injiniyoyin Aramco, kamfanin man Saudiyya, suka fara ɗura ruwa ta gefe-gefen filin, yana koro man zuwa tsakiya. Da farko ruwan ƙarƙashin ƙasa suke ja. A 1978 aka buɗe matatar Qurayyah, wadda ke tace ruwan teku ana turo shi ta bututu cikin hamada.

To sai dai ruwa ba ya bin layi. Inda ya samu tsaga ko sakakken dutse, nan yake kutsawa da gudu, ya riga mai isa rijiya, ya bar mai jibge a baya. Rijiyar da jiya take ba da mai zalla, yau sai ka ga rabinta ruwan gishiri. A ganina nan ne ainihin gwanintar aikin ta fito, kuma yankin Haradh da ke kudancin filin ya fi nuna ta. Kashi uku aka raba aikin haƙar yankin. Kashin farko a 1996 rijiyoyi ne a tsaye. Na biyu a 2003 aka kwantar da su a cikin dutsen. Na uku kuwa, a 2006, kowace rijiya aka yi mata rassa kamar saiwar bishiya, aka sa wa rassan bawul, wato abin buɗewa da rufewa kamar kan famfo, da na'urar auna matsi. Idan reshe ɗaya ya fara kawo ruwa, daga sama za a matse shi, sauran su ci gaba da aiki, ba sai an sake kawo injin haƙa ba. Rijiyoyi 32 kacal suka riƙa ba da ganga 300,000 a kullum.

Duk da haka tsufa gaskiya ne. Filin da ya taɓa haura ganga miliyan 5 a rana, a 2019 Aramco da kanta ta shaida wa masu zuba jari cewa iyakar abin da zai iya ɗorewa a kai miliyan 3.8 ne. Tun 2015 ma ana gwada ɗura iskar kabon a yankin Uthmaniyah na filin, ko za ta saki man da ya maƙale a dutse bayan ruwa ya wuce.