Ɗan daudu a fim da almakashin hukuma: ga amsoshinku, ku bar ni in yi aiki

Aikina editan fim ne a Zoo Road da ke Kano. Kusan kowane mako sai wani matashi ya ja kujera ya zauna kusa da kwamfutata da tambayoyin da na amsa wa na gabansa. Na gaji da maimaici, shi ya sa na tara su wuri guda.

Wai da gaske an hana fito da 'yan daudu a fim a Kano?

Eh. A 2024 Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta haramta fina-finan da ke tallata daba da daudu.

Sabuwar hukuma ce ke nan?

Ina! Tun 2001 take, bayan an ƙaddamar da shari'a a jihar a 2000. Ta tarayya kuma tun 1993. Ta girme wasu daga cikin masu tambayar.

Ai ɗan daudu da ɗan luwaɗi duk ɗaya ne ko?

Kana son rubuta labari amma ba ka san mutanen garinku ba? Daudu salo ne na magana da tafiya da sana'a irin ta mata. Su ne ke suyar kaji da tuƙa tuwo a tasha, su ake kira girkin biki, wasunsu da mata da 'ya'ya. Luwaɗi da maɗigo magana ce ta kwanciya. Mutane kan cuɗa su, kuma wannan cuɗawar ce ke sa kowa ya tsorata da zarar an ambaci kalmar.

To su Turawa ba sa tace nasu?

Sun yi. Daga 1934 zuwa 1968 kamfanonin fim na Amurka sun bi wata ƙa'ida da ta hana nuna irin wannan alaƙa, sai dai a yi hannunka-mai-sanda. Yanzu sun saki, sai almakashin ya koma kasuwannin da suke kai hajarsu. A 2022 Saudiyya da Daular Larabawa da wasu ƙasashe sun hana nuna Lightyear, fim ɗin zane na yara, saboda sumbar 'yan daƙiƙoƙi tsakanin mata biyu. Kenya ta hana Rafiki, fim ɗin soyayyar mata biyu, a 2018.

Labarina yana da ɗan daudu mai sayar da abinci a tasha, kuma shi ne ƙashin bayan labarin. Zai wuce?

Yauwa, ƙanena, wannan ce tambayar. Amsar ita ce ya danganta, kuma kada wanda ya rantse maka cewa zai wuce ko ba zai wuce ba.

Da farko ka raba abu biyu. Akwai dokar tarayya ta hana auren jinsi da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014: shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Da aka yi Ife a Legas a 2020, labarin mata biyu masu soyayya, hukumar tarayya ta ja kunnen masu shi, ƙarshe a intanet ya fita. Naka labarin, yadda ka faɗa mini, ba ya kan wannan layi. Matsalarka tana cikin abu na biyu, wato haramcin hukumar Kano da kalmarsa ta "tallatawa", domin ita kalma ce mai faɗi, kuma wanda ke zaune gaban allo ranar tacewa shi zai ce ga iyakarta. Wani zai ga sin, wato fitowa ɗaya a fim, na mutum yana zuba wa almajiri miya ya ce rayuwa ce. Wani zai ga ɗaurin zanin da ke ƙirjinsa ya ce a cire.

Na taɓa yanke irin wannan da hannuna. Furodusan ne ya tsorata tun kafin a kai fim ɗin ko'ina. Sin ne na minti biyu: mai abincin ya tashi daga tasha da dare, ya wanke hannu, ya zauna bakin gadon tsohuwarsa yana ba ta koko da cokali. Ba rangwaɗa, ba tafa hannu. Da na cire shi, sai duk abin da mutumin ya yi daga baya ya zama ba shi da dalili. Abin da ya ba ni haushi, wuraren da yake fari da ido yana "wayyo ni 'yasu" don a yi dariya, su furodusan ya ce a bari. Shekaru muna haka a masana'antar nan: ana son ɗan daudu in abin dariya ne, ana gudunsa in ya fito da uwa da bashi da ciwon kai kamar kowa.

Saboda haka ka kai rubutun hukuma kafin ka kashe ko sisi a lokeshan, ka ji ta bakinsu, in da hali a rubuce. Kada ka rataya labarin duka a kan sin ɗaya. In akwai wurin da zuciyarka ke ɗar-ɗar, ka ɗauke shi iri biyu tun jaruman suna nan, don dawo da su daga baya kuɗi ne. Ko da ka yi duk wannan, za a iya cewa a sake. Kada ka karaya, labarin da aka gina da kyau yakan jure yanka ɗaya ko biyu.

In na ɗora a YouTube fa? Ai ba ruwansu.

Wa ya gaya maka? A 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 saboda sakin su ba tare da an tace ba, cikinsu har da manya. Kana zaune a Kano, jarumanka na da rajista a Kano, a titunan Kano za ka kafa kyamara.

Za ka duba mini labarin?

Kawo shi a buge a takarda, ba a waya ba. Ka zo bayan la'asar.