Jijiyoyin Ƙugu da Kiyaye su Wajen Fiɗa

Ƙashin baya na daidai ƙugu gaɓoɓi biyar ne, likitoci na kiran su L1 zuwa L5. Ta tsakaninsu jijiyoyin ji da motsi suke fitowa daga laka. Na L1 zuwa L4 sukan haɗu su sarƙe a cikin wata doguwar tsoka mai suna sowas, wadda ke kwance gefen ƙashin baya ta cikin ciki har ta sauka kan cinya. Irinta ce tsokar nan mai laushi da mahautan Maradi ke yankowa daga cikin gadon bayan sa.

Babbar cikin jijiyoyin nan ita ce femoral, mai fitowa daga L2 zuwa L4. Ita ke miƙe gwiwa. In ta samu rauni, mutum na tsaye sai gwiwa ta lanƙwashe masa, hawa mataki ya gagara. Wata mai suna obturato tana bin gefen cinya na ciki ta haɗe cinyoyi. Jenitofemoral kuwa siririya ce, takan huda tsokar sowas ta bi ta samanta, shi ya sa taɓa ta ba wuya. Wasu biyu suna ratsa bayan ƙoda su kai ji ga mara da matsematsi.

Haɗarin ya fi yawa a fiɗar da ake shiga ta gefen ciki a ratsa sowas don a kai ga faifan da ke tsakanin ƙasusuwa, hanyar da aka bayyana a 2006. Jijiyoyin na ƙara matsowa gaba yayin da suke sauka, don haka tsakanin L4 da L5 ne wurin ya fi ƙunci. Likita yakan raba tsokar a hankali ba tare da yanka ba, ya gwada da na'urar lantarki ko jijiya na kusa, sannan ba ya barin ƙarfen buɗa rauni ya daɗe yana danna ta. Abin da ya kamata a sani shi ne ko ba a yanke jijiya ba, matsi da ja kaɗai sukan kashe mata aiki.

A fiɗar ƙoda ma, jijiyar ƙarƙashin haƙarƙari na 12 in ta lalace, gefen ciki yakan saki ya kumburo kamar ƙaba. Wanda ya ji cinyarsa ta mutu ko tana zogi bayan aiki ya gaya wa likita da wuri; galibi yakan lafa cikin makonni ko watanni, amma raunin gwiwa na bukatar bincike da gashin ƙashi.