Yadda ruwan ayon ke tsotse iskar kabon dayokzayid: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa sun fito ne daga ɗaliban da nake koya wa kimiyyar sinadarai a nan Katsina, bayan wani darasi da muka yi a kan hanyoyin kama iskar kabon dayokzayid, wato CO2, kafin ta fice daga bututun hayaƙin masana'antu. Na ga ya dace in rubuta amsoshin a tsanake, domin abin da ke faruwa tsakanin ƙwayoyin ya fi abin da allo zai iya ɗauka a awa guda.

Mene ne ruwan ayon, kuma me ya raba shi da ruwan gishiri?

Ayon ƙwaya ce mai ɗauke da cajin lantarki, ko dai fozitif ko negatif, kamar kawunan batir guda biyu. Gishirin miya haɗin ayon ɗin sodiyam ne da na kulorin, kuma da yake dukansu ƙanana ne masu siffar ƙwallo, sai su jeru tsaf kamar tubalin da gwanin magini ya ɗora, har ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Salsiyas. Shi ma ruwan ayon gishiri ne, amma ayon ɗinsa manya ne marasa kyan siffa, galibi zobe ne mai jela kamar imidazoliyam, kuma cajinsu a baje yake a jikinsu, saboda haka ba sa iya jeruwa su daskare. Masana sun saba kiran duk gishirin da ke narkewa ƙasa da digiri 100 da wannan suna. Babu ɗigon ruwa a cikinsa. Gishirin ne da kansa yake kwarara. Paul Walden ya bayyana irinsa a 1914, wanda ke narkewa a digiri 12 kacal. Babbar siffarsa kuwa ita ce kusan ba ya tashi ya zama tururi.

Yaushe aka gane yana shan wannan iska?

A 1999 ne Joan Brennecke ta Jami'ar Notre Dame da ke Amurka, tare da abokan aikinta, suka nuna cewa idan aka matsa CO2 a kan wani ruwan ayon, iskar tana shiga cikinsa da yawa, shi kuwa ruwan ba ya bin iskar ya fita.

To ta yaya ƙwayar iskar ke samun wurin zama a cikin ruwan?

Nan ne zuciyar maganar, kuma abubuwa biyu ne ke aiki tare. Na farko shi ne gurbi. Duk wanda ya taɓa zuba gero a cikin kwandon da aka cika da mangwaro ya san geron zai sulale ya shige tsakanin 'ya'yan, kwandon kuma ba zai yi tozo ba sai an zuba da yawa. Haka manyan ayon marasa daidaiton siffa suke barin ƙananan gurabe a tsakaninsu. Gwajin da aka yi da kwamfuta ya nuna cewa ayon ɗin kan ɗan juya kaɗan, ƙananan guraben su haɗe su zama gurbin da zai ɗauki ƙwayar iskar, ba tare da fozitif da negatif sun saki juna ba. Shi ya sa ruwan ayon kan sha iska mai yawa amma kumburinsa kaɗan ne, alhali ruwan sinadarai na yau da kullum kan kumbura sosai idan ya sha irin wannan adadi.

Na biyu shi ne jan da ke tsakanin iskar da ayon mai cajin negatif. Ƙwayar CO2 miƙaƙƙiya ce kamar sanda: kabon a tsakiya, oksijin ɗaya a kowane gefe. A dunƙule ba ta da caji, amma da yake oksijin ya fi kabon ƙarfin jan ilaktiron, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin negatif, sai gefunan biyu su ɗan karkata zuwa negatif, tsakiyar kuma ta ɗan karkata zuwa fozitif. Wannan tsakiya ita ce ayon mai cajin negatif ke kusanta, sandar ta kwanta a jikinsa a gicciye. A 2000 Sergei Kazarian da abokan aikinsa a Landan sun ga alamar hakan ta hanyar haska hasken infirared a cikin ruwan, inda rawar ƙwayar ta nuna cewa sandar ta ɗan tanƙwaru saboda wannan kusanci. A 2004 kuma masu binciken Notre Dame suka nuna cewa sauya ayon mai negatif yana canza yawan iskar da ake sha fiye da sauya mai fozitif.

Akwai wani abu da ke rikita ɗalibai a nan, kuma ina ganin rikicewar tana da dalili. Manyan ayon masu yawan fulorin, kamar wanda ake taƙaitawa da Tf2N, sun fi ƙanana irin su naitiret shan iskar, ko da yake cajinsu a baje yake kuma jansu bai kai na ƙananan ba. Bayanin shi ne ba sa riƙe abokinsu mai fozitif da ƙarfi, don haka buɗe gurbi a tsakaninsu ya fi sauƙi. Ke nan ja shi kaɗai bai wadatar ba, sai an sami wurin zama. Iskar naitirojin, wadda ita ce mafi yawa a hayaƙi, ba ta da rabuwar caji mai ƙarfi irin na CO2, shi ya sa kaɗan ne daga cikinta ke shiga, kuma wannan ne ke ba ruwan damar tace ɗaya daga ɗaya.

Idan haka ne, me ya hana a yi amfani da shi kai tsaye a masana'antu?

Irin wannan sha riƙon sakainar kashi ne, domin ba a ƙulla wani sabon haɗi ba. Dokar da William Henry ya bayyana a 1803 ta ce yawan iskar da ruwa ke riƙewa yana tafiya ne da matsin iskar a kansa, abin da kowa ke gani idan ya buɗe lemon kwalba kumfa ta taso. A hayaƙin tashar lantarki mai ƙona kwal, CO2 kashi 12 zuwa 15 ne cikin ɗari, matsin kuma bai wuce na iskar da muke shaƙa ba, don haka abin da ruwan ke kamawa bai kai ƙwaya ɗaya ba a kan kowane ɗari na ma'auratan ayon. Inda matsi ke da yawa, kamar wajen tace iskar gas da aka haƙo, a nan ne wannan hanya ke da tasiri.

Mene ne bambancin shan da ake ƙulla haɗi a cikinsa?

Kanwa misali ce ta kusa: kabon dayokzayid a ɗaure take a cikinta, ba ta fita sai an ɗiga mata tsami ta yi kumfa. A 2002 James Davis na Jami'ar Kudancin Alabama da abokan aikinsa suka liƙa rukunin amino, mai naitirojin da haidirojin biyu, a jikin ayon mai fozitif. Naitirojin ɗin kan miƙa ilaktiron biyu ga kabon ɗin iskar, sandar ta lanƙwashe sosai, a sami sabon haɗi da ake kira kabamet. Sai dai haidirojin ɗaya kan fita ya koma kan amino na biyu ya hana shi aiki, saboda haka amino biyu ne ke kama ƙwayar iska ɗaya. A 2010 aka nuna cewa idan aka ɗora amino a kan ayon mai negatif, kamar wanda aka samo daga amino asid, ana iya kusantar ɗaya bisa ɗaya.

Matsalar da ta biyo baya ita ce kauri. Haɗin da ya samu yana da haidirojin masu sarƙe maƙwabta da juna, sai ruwan ya yi danƙo fiye da zuma a lokacin hunturu, har famfo ya kasa tura shi. An magance wani ɓangare na wannan da ayon masu zoben naitirojin waɗanda ba su da haidirojin ɗin sarƙewa, inda kaurin ba ya ƙaruwa sosai bayan an sha iskar.

Me ya sa ba a tsaya ga tsohuwar hanya ba?

Tun 1930 ake wanke iska da ruwan amino, kuma wanda aka fi sani shi ne sinadarin monoetanolamin, wato MEA, kashi 30 cikin ɗari a cikin ruwa. Yana aiki, amma kafin ya saki iskar sai an dafa shi zuwa kusan digiri 120, makamashi mai yawa kuma yana tafiya ne wajen dafa ruwan kawai, ga cin ƙarfe, ga asarar sinadarin ta tururi. Ƙarfin riƙonsa ya kai kusan kilojul 80 na makamashi a kowane mol (ma'aunin yawan ƙwayoyi), na shan da ba haɗi kuwa tsakanin 10 zuwa 20 ne. Abin da ya fi burge ni game da ruwan ayon shi ne ana iya sauya ayon ɗaya a nemi riƙo tsakanin waɗannan biyu, wanda zai kama iskar a hayaƙi kuma ya sake ta da ɗan zafi. Duk da haka yana da tsada, wasu nau'o'insa guba ne ga halittun ruwa, wanda ke da ayon mai fulorin da ake kira PF6 kuma kan ruɓe idan ya haɗu da danshi ya fitar da asid mai haɗari. Har yau ruwan amino ne masana'antu suka fi dogara da shi.

Wane amfani wannan ilimi zai yi wa ɗalibi a Katsina ko Daura?

Kada a ɗauka ruwan ayon zai tsayar da kwararowar hamada a Mai'aduwa ko Zango, domin CO2 da ke sararin sama kusan kashi 420 ne cikin miliyan, shan da ba haɗi kuwa ba ya kama abin kirki a wannan mataki. Wurin aikinsa shi ne inda iskar ta taru: masana'antar siminti irin ta Kalambaina a Sakkwato, inda dutsen farar ƙasa da kansa ke sakin CO2 idan an gasa shi, da wuraren sarrafa gas irin na Bonny, inda dole a cire ta kafin a mayar da gas ruwa. Sashe mai yawa na wannan bincike da kwamfuta ake yin sa, abin da ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-ma zai iya somawa. Akwai ma tambayar da ta shafe mu kai tsaye: zafi yana rage yawan iskar da ruwan ke sha amma yana rage kaurinsa, gwaje-gwaje da yawa kuma a digiri 25 ake yin su, alhali a watan Afrilu zafin Katsina kan haura digiri 40.