Waiwaye: Yadda Tudu da Fadama Suka Zaɓa wa Sakkwato Mazauni

Duk wanda ya taɓa dawowa daga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da la'asar ya san Kwalkwalawa, wurin da hanya ke ratsa fadama. Dama da hauni shinkafa ce ko albasa, gwargwadon lokacin shekara, ga masu wankin babura a bakin ruwa, ga ƙarar injin ban-ruwa. In ka ɗaga kai sai ka hangi gari can bisa tudu, sai an yi hawa kafin a shiga. Ni dai a wannan hawan nake ganin amsar tambayar da ba a cika yi ba: me ya sa nan, ba Ɗegel ko Gwandu ba?

Jama'ar Shehu ta jima ba ta da gari nata na kanta. An yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a wannan shekara, daga nan aka yi ta sauya sansani ana neman abinci da makiyaya, har aka sauka Gwandu. Sai da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808 sannan aka sami sararin tunanin zama. A 1809 Muhammadu Bello ya zo wannan tudu ya kafa gari, ya kewaye shi da ganuwa. Shehu kansa yana Sifawa, bai tare a Sakkwato ba sai 1815, shekara biyu kafin rasuwarsa.

Bello mayaƙi ne, kuma da idon mayaƙi ya dubi wurin. Tudun yana kallon inda Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suke haɗuwa. Daga arewa ake tsoron hari, can wajen Gobirawa da Azbinawa, kuma ta arewar ne fadama ta shimfiɗu. Da damina ruwa ya cika ta, doki ba ya ratsa taɓo a guje. Da rani kuma, sa'ad da ƙasa ta ƙeƙashe, zafi ya haura maki 40 a watan Afrilu, fadamar nan ita ce rumbu, ita ce mashayar shanu da dawaki. A ƙasar da ruwan sama bai cika wuce wata huɗu ba, samun wurin da yake ganuwa da damina kuma gona da rani ba ƙaramin abu ba ne. Ga shi tudun ya ɗaga gidaje daga ambaliya.

Ba Bello ya fara gane darajar wannan kwari ba. Surame, birnin Kanta na Kabi a ƙarni na 16, tana yamma da Sakkwato kusa da gulbin nan. Alƙalawa ma a gefen Rima take. Birnin Kebbi da Argungu duk bakin fadama ɗaya suke bi. Daula ta zo ta wuce, amma kowace sai ta dawo ta ɗora tukunyarta a kan murhu guda. Shi Bello ma da ya ga iyaka ba ta kwanta ba, sai ya ƙara gaba ya yi ribaɗi a Wurno, ita ma bisa tudu a bakin Rima, kuma a can ya rasu a 1837.

To, amma abin da ya dace da tsaro ba lallai ya dace da fatauci ba, kuma nan ne mu Sakkwatawa ba mu cika son a taɓa ba. Sakkwato tana can kusurwar arewa maso yammacin daular da take shugabanta, maƙwabtanta na kusa kuwa abokan gaba ne: Gobirawan Tsibiri, Katsinawan Maraɗi, daga baya kuma Kabawan Argungu da suka sake ɗaga kai a 1849. Fatake ba sa son hanyar da ake kwana da kwari da baka. Kano kuwa, wadda ta girma a gindin Dala inda ake haƙar tama, tana tsakiyar ƙasa mai cike da manoma, masaƙa da marina, ga kasuwar Kurmi tun zamanin Rumfa. Saboda haka gaisuwa da wasiƙu da ɗalibai suka riƙa nufo Sakkwato, ayarin raƙuma kuma ya fi sauke kaya a Kano. Ko fatar jar akuyarmu, wadda ta ƙetare Sahara har Turai, da sunan Maroko aka san ta a can.

Zuwan Turawa ya ƙara tsawaita wannan tazara. Bayan yaƙin Giginya, inda Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, kasuwa ta juya wa hamada baya ta fuskanci teku. Layin dogo ya isa Kano a 1911, gyaɗa da auduga suka sami hanyar Ikko. Kaduna, wadda ba kowa ba ce a da, ta zama hedikwatar Arewa a 1917 albarkacin gadar jirgi da ruwan kogi. Reshen layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Daga Gusau zuwa Sakkwato kimanin kilomita 200 ne kacal, amma har yau jirgin ƙasa bai yi kuka a Birnin Shehu ba.

Abin da ya riƙe garin shi ne martaba da mulki: fadar Sarkin Musulmi, Hubbare da maziyartansa, sannan hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967 da ta Jihar Sakkwato a 1976. Ƙasa ma ta sake yin tata kyautar ta wata fuska, domin dutsen farar ƙasa da ke Kalambaina shi ya jawo kamfanin siminti tun shekarun 1960. Iyakar Illela da Ƙonni kuma ta maida abin da a da yake bakin dāga ya zama ƙofar shanu, wake da albasa.

Gulbin dai bai daina faɗa a ji ba, ko da aka ɗaure shi da madatsun Bakolori da Goronyo. A damunar 2010 ruwa ya yanke hanyar jami'a, sai da kwalekwale ake ƙetarawa, ƙauyukan fadama da dama suka kwana a makarantu. Dubi kuma inda gari yake miƙe ƙafa. Tsofaffin ƙofofin arewa, irin su Ƙofar Kware da Ƙofar Dundaye, fadama ta tare musu gaba, don haka sababbin unguwanni sun fi bazuwa kudu da yamma: Mabera, Arkilla, hanyar Gusau, hanyar filin jirgi. Wanda kuma ya ga fili mai araha a gangare ya saya, dillali zai rantse masa cewa ruwa bai taɓa zuwa nan ba. Ya dai tambayi tsohon da ke noman shinkafa a gefen filin kafin ya sauke bulo.