Asibitocin Ƙungiyoyin Addini da Rayuwar Uwa da Jariri

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 mata kusan 260,000 ne suka rasu sakamakon ciki ko haihuwa, kuma kimanin kashi 70 cikin ɗari na wannan adadi ya fito ne daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Jarirai kuwa, fiye da miliyan 2 ne suke mutuwa duk shekara kafin su cika kwana 28 a duniya. Abin da yake ci mana tuwo a ƙwarya, mu ma'aikatan lafiya, shi ne mun san abubuwan da suke kashe su, wato zubar jini bayan haihuwa, jijjiga da hawan jini, doguwar naƙuda, ƙwayoyin cuta, da kasa yin numfashi ga jariri, kuma kowanne yana da magani sananne.

A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, sau da yawa asibitin da ya fi kusa da mai naƙuda a karkara ba na gwamnati ba ne, na mishan ne ko na wata ƙungiyar Musulunci. A Yuganda, Katolika da Furotesta da Musulmi kowannensu yana da ofishin da yake kula da asibitocinsa. A Malawi da Zambiya da Gana ma, coci-coci sun haɗa asibitocinsu a ƙarƙashin inuwa guda. Babban jarinsu shi ne yarda, domin miji da surukar da suke ƙyamar kai mace asibiti sukan sassauta idan sun ji limaminsu ko fastonsu yana da hannu a wurin.

Amma yarda kaɗai ba ta tsayar da jini. Na taɓa kwana a wani ƙaramin asibiti irin wannan, inda ungozoma ɗaya tal take riƙe da ɗakin haihuwa da fitilar hannu, firjin da ake ajiye allurar oksitosin kuma ya yi kwana uku a kashe saboda rashin wuta. Wannan allura ita ce ake yi wa mace nan take bayan jariri ya fito domin mahaifa ta matse, amma zafi yana rage mata ƙarfi ba tare da launinta ya sauya ba, don haka ungozoma takan yi ta da kyakkyawar niyya alhali abin da yake cikin kwalbar ya raunana. Macen da jini ya ɓalle mata tana iya rasuwa cikin sa'o'i biyu. Saboda haka, kafin wata majami'a ko kwamitin masallaci su fara tunanin ƙara gini, ya kamata su tambaya: akwai firji mai aiki da hasken rana? Akwai ƙwayar misofurostol, wadda ita ma take matse mahaifa amma ba ta buƙatar sanyi? Akwai allurar jijjiga, da 'yar jakar busa wa jariri iska, wadda dole a yi amfani da ita cikin minti na farko idan bai yi kuka ba? Wani bincike da aka buga a 2023, wanda aka gudanar a Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, ya nuna cewa shimfiɗa ledar auna jini a ƙarƙashin mai haihuwa, tare da ba ta magunguna gaba ɗaya da zarar jinin ya kai mizani, ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari.

Sai batun kuɗi. Galibin waɗannan asibitoci da abin da majinyata suka biya suke tafiya, shi ya sa talaka takan zauna gida har sai abu ya ta'azzara. Gwamnatin Malawi ta ƙulla yarjejeniya da asibitocin coci tun daga 2006, ita take biya, mata kuma su yi awo su haihu kyauta, kuma an ga haihuwa a asibiti ta ƙaru. A ganina wannan hanya ta fi jiran tallafin ƙetare, matuƙar gwamnati tana biya a kan lokaci, asibitin kuma yana miƙa alƙalumansa, ya yarda a zo a duba aikinsa, a binciki duk mutuwar uwa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Zakka da waƙafi da baikon masu ibada suna iya ɗaukar nauyin man motar kai mara lafiya babban asibiti, domin ƙaramin asibitin da ba ya tiyata ko ƙarin jini tilas ya san inda zai tura mace, da lambar da zai kira da tsakar dare.

Ga malamai da fastoci, mumbari yana kaiwa inda muryarmu ba ta kaiwa, musamman kunnen maza. A faɗa musu cewa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8, kuma ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska, dishi-dishin gani, zubar jini ko daina motsin ɗan tayi ba abin jiran wayewar gari ba ne. A yi addu'a a kan hanyar asibiti. Miji ya tanadi abin hawa da wanda zai ba da jini tun ciki yana wata bakwai. Jariri kuma a goge shi a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, a ba shi nonon farko cikin sa'a guda, a jinkirta wanka zuwa bayan sa'o'i 24, kuma kada a shafa wa cibiya komai sai abin da ungozoma ta bayar.