Farautar barewa ta iyaye da 'ya'ya a filayen sojan Amurka

Farautar barewa a filayen soja daɗaɗɗiyar al'ada ce a Amurka, inda sansanoni da dama ke buɗe wani sashe na dazuzzukansu ga maharba daga kaka zuwa farkon hunturu. Cikin masu shiga akwai iyayen da ke tafe da 'ya'yansu: wasu sojoji ne mazauna bariki, wasu 'yan mazan jiya, wasu kuwa farar hula daga garuruwan da ke kewaye. Ma'aikatar Tsaron ƙasar tana riƙe da fili da ya kai eka miliyan 25, babban ɓangarensa daji ne da ba a noma, ba a gini, shi ya sa namun daji suka samu wurin sakewa. Amma filin na atisaye ne, maharbi baƙo ne a cikinsa, kuma duk ƙa'idojin wannan farauta daga nan suka samo asali.

Dabbar da ake farauta

Wadda aka fi nema ita ce barewa mai farar wutsiya, wadda masana ke kira Odocoileus virginianus. Rashin suna mafi kusa ne ya sa ake ce mata barewa da Hausa, don ba danginsu ɗaya da barewar Sahel ba. Ƙahon namijinta rassa gare shi kamar bishiya, yana faɗuwa duk hunturu ya sake tsirowa, alhali ƙahon barewarmu da na gada ba ya zuba. In ta firgita sai ta ɗaga wutsiya, farin ƙarƙashinta ya bayyana, ta zura da gudu.

A wajajen 1900 kisa ba ƙaƙƙautawa da saran daji sun rage ta zuwa kusan 500,000 a ƙasar baki ɗaya. Yau ana ƙiyasta ta kai miliyan 30. Kerkeci da sauran masu cinta sun ƙare a yawancin jihohin gabas, saboda haka in aka bar ta sai ta cinye tsiron daji, ta riƙa faɗa wa motoci a hanya, har ta shiga titin saukar jirage. Wannan ne ya sa kwamandojin sansani ke maraba da maharba.

Dokokin da suka buɗe ƙofa

Wata dokar tarayya ta 1958 ta ce duk farautar da za a yi a filin soja sai ta bi dokar jihar da filin yake. Bayanta sai Dokar Sikes ta 1960, mai sunan Robert Sikes, ɗan majalisar wakilai daga Florida, jihar da sansanin mayaƙan sama na Eglin yake. Ita ce ta haɗa sojoji da hukumar kula da kifi da namun daji ta tarayya da hukumomin jihohi wajen kula da dabbobin sansani, ta kuma yarda a karɓi kuɗin izinin farauta a kashe shi kan dajin wurin da aka karɓa. A 1997 aka yi mata gyara, ya zama wajibi kowane sansani mai daji ya rubuta tsarin kula da albarkatunsa. A sansanoni da yawa masanin namun daji cikakken ma'aikacin bariki ne, shi ke ƙirga dabbobi ya faɗi nawa za a cire a shekara.

Kafin a taka daji

Uban da zai kai ɗansa sai ya fara da takardu. Akwai lasisin jiha, akwai izinin sansanin kansa, sannan a wurare da yawa sai an bincike bayanansa an yi wa bindigarsa rajista a ofishin 'yan sandan soja. Bindiga ba ta wuce ƙofar bariki sai babu harsashi a ciki, tana kulle a gidanta. Sansanoni da yawa suna amfani da manhajar iSportsman: da asuba mutum ya duba wayarsa ya ga yankunan da aka buɗe a ranar, ya zaɓi ɗaya ya sa sunansa da na yaron, in sun fito kuma ya sanar. Wanda ya manta bai sanar da fitarsa ba zai sa jami'ai su bazama nemansa cikin dare, kuma yana iya rasa izininsa.

Nan ne ake gane waye mai gida. Yankin da uba da ɗa suka yi makonni suna bin sawu a cikinsa ana iya rufe shi ba zato saboda wata runduna za ta yi harbin gwaji. Ba a jayayya, sai a nemi wani.

Abin da ya fi bambanta wannan daji da sauran dazuzzuka shi ne abubuwan fashewa da aka harba tun shekaru masu yawa ba su tashi ba. Wuraren da ake jefa bama-bamai a rufe suke har abada, amma ko a gefensu ana cin karo da tsohon ƙarfe mai tsatsa a cikin ganye. Ana koya wa kowa, babba da yaro, matakai uku: ka gane shi, ka ja da baya ta inda ka biyo, ka kai rahoto. Yaro mai son tsince-tsince, wannan ne darasin da uban ya fi nanata masa.

Matsayin yaro

Shekarun fara farauta sun bambanta daga jiha zuwa jiha. New York ce ta fara wajabta kwas ɗin koyon farauta a 1949, sauran jihohi suka bi. Daga baya aka ƙirƙiro tsarin rakiya, inda yaron da bai yi kwas ba zai iya harbi matuƙar wani babba mai lasisi na tare da shi. Pennsylvania ta fara nata a 2006. A Wisconsin doka ta ce mai rakiya kada ya yi nisan da hannunsa ba zai kai ga yaron ba, kuma a 2017 jihar ta soke ƙa'idar shekara 10, ta bar wa iyaye su yanke, matakin da ya jawo ce-ce-ku-ce sosai. Sansani yana da ikon ƙara tsanani a kan dokar jiha, ba ya da ikon sassauta ta.

Jihohi da yawa sun ware wa yara ƙarshen mako guda kafin a buɗe wa kowa, lokacin da dabbar ba ta riga ta tsorata ba. Fort McCoy da ke Wisconsin, mai eka kusan 60,000 tsakanin Sparta da Tomah, yana karɓar irin wannan farauta. Camp Ripley da ke Minnesota, mai eka 53,000 a bakin kogin Mississippi, ya yi suna da farautar baka da kibiya tun 1954, yana kuma da ranakun matasa a watan Oktoba.

Ita kanta farautar zaman dako ce. Tun duhu bai yaye ba su biyun suke shiga wata 'yar bukkar yadi ko su hau dandamali a jikin bishiya, ɗaure da igiyar tsaro, sanye da riga da hula ruwan lemo mai ƙyalli, launin da mutum ke hangowa daga nesa amma idon barewa bai cika rarrabe shi ba. Sai a juya yadda iska ba za ta kai warinsu inda ake sa ran fitowarta ba. Awa uku, huɗu, ba tari, ba motsi, ga sanyi yana cin yatsu, jefi-jefi ƙarar igwa na tasowa daga can nesa. Uban na raɗa wa yaron ya jira ta ba da gefe, ya auna bayan kafaɗa, ya tabbatar da abin da ke bayanta kafin ya taɓa kunama. Sau da yawa haka za a tashi hannu rabbana. Iyalan soja da ake yi wa canjin wurin aiki duk bayan 'yan shekaru ba su da gonar gado da za su yi farauta a ciki, don haka dajin bariki ne makarantar 'ya'yansu. Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Bayan an samu

In kibiya ko harsashi ya samu, akan ɗan dakata kafin a bi jini. A nan take ake farke ciki a fitar da kayan ciki don nama ya huce, a cike shaidar kisa yadda jiha ta tanada, a kai rahoto. A wasu sansanonin sai an kai dabbar wurin awo, inda ake ɗora ta a sikeli a duba haƙoranta don sanin shekarunta. A jihohin da cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa ta ɓulla, wadda aka fara lura da ita a Colorado a 1967 ta kuma bayyana a Wisconsin a 2002, ana cire ƙululun wuya a kai ɗakin gwaji, kuma hukumomin lafiya suna ba da shawarar kada a ci naman wadda aka samu da cutar. Iyalai da yawa sukan ajiye naman a firiza har sakamako ya fito.